Wa 'Yan Kallo Suka Tsana?



Wasan talabijin ɗin nan na Amurka, Breaking Bad, da aka nuna daga 2008 zuwa 2013, labarin Walter White ne, malamin kimiyya a Albuquerque wanda ciwon daji ya kama, ya shiga haɗa ƙwaya. A kan idonmu ya ƙyale wata budurwa ta mutu alhali yana iya cetonta, ya kuma ba ƙaramin yaro guba. Duk da haka 'yan kallo da yawa suka ɗauke shi gwarzo.

To, wa suka tsana? Matarsa, Skyler, wadda ta ja da shi. Anna Gunn, da ta fito a matsayinta, ta rubuta a jaridar New York Times a 2013 cewa har akwai wanda ya tambayi inda zai same ta ya kashe ta.

A ganina, tun kashi na farko aka saye mu: an nuna mana shi durƙushe yana wanke motar ɗalibinsa, ana yi masa dariya. Skyler kuwa, a kashin nan, ƙorafin kuɗi muka ji tana yi.