Kano Na Ta Faɗaɗa, Wa Ke Lura Da Ita?

Yau daga Hotoro nake magana, kuma da layinmu zan fara.

Daminar da ta wuce ruwa ya shiga gidaje huɗu a layin, har da namu. Ba wai ruwan ya fi na kullum ba ne. Wani bawan Allah ne ya cike kududdufin da ke bayanmu ya yanka filaye, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Da na buɗe Google Earth na koma tsofaffin hotuna, wallahi sai jikina ya yi sanyi. Ga kududdufin nan, shekara bayan shekara yana tsukewa har ya ɓace. Tauraron ɗan'adam ya gani, mu da ke maƙwabtaka da shi ba mu ce uffan ba.

To, a nan nake so mu tsaya. Lura da gari hawa-hawa ne. Hawan farko unguwa: mai unguwa da mu matasa, mu muka san wace kwata aka toshe. Na biyu ƙananan hukumomi. Birnin ya game takwas, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso, Ungogo da sauransu, kuma ginin da aka yi a wata, ruwansa a wata yake kwana. Na uku jiha: KNUPDA mai ba da izinin gini, da KANGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta. In hawa ɗaya bai ji daga ɗaya ba, awon igiya ne zai tsara mana gari.

Kano fa ta taɓa samun tsari. Akwai na Trevallion, na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983. Yau ku bi titin Maiduguri, ku wuce gadar Hotoro zuwa Mariri, ku ga inda gonaki suka koma. Rusau ɗin 2023 kuma ya nuna mana tsadar gyara bayan an gama zuba bulo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Roƙona ɗaya ne. Kowa ya ɗauki hoton kwatar layinsu da filin makarantarsu, ya rubuta kwanan wata ya ajiye. Kafin ka sayi fili, tambayi takardar tsarin wurin. In ka ga tifa na juye ƙasa a kududdufi, sanar da mai unguwa a ranar, kada ka jira Agusta.

Ku turo mana hotunan unguwanninku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.