Samka: Ƙauyen Bakin Tafki da Gadon Addinin Buddha a Ƙasar Shan



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wani ƙauye mai suna Samka, a jihar Shan ta ƙasar Bama, wadda aka sake wa suna Myanmar a 1989. Mai son zuwa can yakan shiga kwalekwale mai inji a garin Nyaungshwe, ya ratsa tafkin Inle, sa'an nan ya bi kogin Balu ya yi kudu, tafiyar wajen awa uku.

A da Samka gari ne mai sarki, ɗaya daga cikin ƙananan masarautun Shan, kafin sarakunan su sauka daga mulki a 1959. Abin da ke jan baƙi zuwa wurin shi ne tsofaffin hubbarori na tubali, masu faɗin gindi da tsinin kai. Mabiya addinin Buddha kan gina irinsu don neman lada, su adana wani abu mai alfarma a ciki. In ruwa ya cika, sai ka ga waɗansunsu tsaye tsamo-tsamo a cikin tafki.

To, a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi nazari. Magina ba su kafa su a ruwa ba. A wajejen 1970 aka datse kogin a Mobye domin injinan lantarki na Lawpita, ruwa ya taru ya ci gonaki da ƙauyuka. Wato abin da baƙo ke ɗauka hoto yana sha'awa, shi ne tabon hasarar da mai gida ya yi. Bugu da ƙari, ruwan nan yana cin tubalin sannu a hankali.

Haka kuma, yawon buɗe ido ɗan zaman lafiya ne. Yankin ya daɗe a rufe saboda yaƙi, sai a farkon shekarun 2000 aka buɗe shi ga baƙi. Bayan juyin mulkin soja na 2021 faɗa ya sake ɓarkewa a wajen Mobye, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu kwalekwale suka rasa ciniki.

Daga ƙarshe, duk mai nazarin irin wannan wuri, wajibi ne ya fara da tambayar abin da hubbarorin suke nufi ga mutanen da ke ibada a gindinsu, domin su ne masu gyara su, ko da baƙo ko babu.