ZAKKA DA BAIKO: BAMBANCINSU DA AIKIN KOWANNE A CIKIN IKILISIYA

Jawabin da aka gabatar a Bikin Cikar Ikilisiya Shekara Hamsin



GABATARWA

Shekara hamsin ba kwana hamsin ba ce. Idan muka tambayi kanmu abin da ya riƙe wannan ikilisiya har yau, amsar farko ita ce alherin Allah. Amsa ta biyu kuwa ita ce hannun iyayenmu, waɗanda suka san zakka, suka kuma san baiko, ba su taɓa cakuɗa su ba. A yau da yawa cikinmu sun ɗauka abu ɗaya ne. Wani yakan jefa ɗan canji a faranti ran Lahadi ya ce ya fid da zakka. Wani kuma yakan fid da zakkarsa daidai, sa'an nan ya dunƙule hannu har wata kaka. Duka biyun sun bar rabin aiki.

MENE NE ZAKKA?

Zakka, ko ushiri, ita ce kashi ɗaya cikin goma na abin da Allah ya ba mutum. Tana da ma'auni, kuma ba mai bayarwa ne ya yanka ma'aunin ba. Tun kafin a ba da Shari'ar Musa, Ibrahim ya ba Malkisadik ushirin ganimar da ya komo da ita (Farawa 14), Yakubu kuma ya yi wa'adin ushiri a Betel (Farawa 28). A Littafin Firistoci sura 27 aka nuna cewa ushirin hatsi, da na 'ya'yan itace, da na garke, na Ubangiji ne. Makiyayi yakan ƙirga dabbobinsa suna wucewa, ta goma ita ce ta Ubangiji, ba shi da izinin zaɓe ko musanya.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da kalmar zakka, suna kuma fid da ushirin amfanin gonar damina, da rabin ushiri daga gonar da aka sha wahalar ban ruwa. Kalmar ɗaya ce, amma kowanne da tushen koyarwarsa da inda yake kai tasa. Ga manomin ƙasar Kebbe dai lissafin ba baƙo ba ne: dami goma na gero, ɗaya na Ubangiji, buhu goma na shinkafa ko albasa, ɗaya na Ubangiji. Ma'aikaci ya fitar daga albashinsa. Ɗan kasuwa da mai sana'ar cikin gida su fitar daga riba, ba daga jari ba.

Ina zakka take zuwa? Littafin Ƙidaya sura 18 ya ce an ba Lawiyawa ita, domin ba a raba musu ƙasar gado kamar sauran kabilu ba, aikin Alfarwa shi ne gonarsu. Su ma sukan fid da ushiri daga abin da suka karɓa, saboda haka fasto bai kuɓuta ba. Maimaitawar Shari'a sura 14 ta ƙara da cewa kowace shekara ta uku a tara ushiri a gari domin Balawe, da baƙo, da maraya, da gwauruwa.

Sai mu lura da abin da ya faru a zamanin Nehemiya (sura 13). Da jama'a suka daina kawo rabon Lawiyawa, sai Lawiyawa da mawaƙa suka watse, kowa ya koma gonarsa, aka bar Haikali ba mai kula. Wannan labari bai yi nisa da mu ba. Mun san ƙauyukan da mai bishara yake wuni a gona don ya ci da iyalinsa, ya iso majami'a a gajiye, ba lokacin shirya wa'azi balle ziyarar marasa lafiya. Inda zakka ta tsaya, koyarwa takan rame.

MENE NE BAIKO?

Baiko shi ne abin da mutum ya bayar da yardar ransa bayan zakka. Ba shi da ma'auni, zuciya ce mudunsa. Akwai baikon sujadar Lahadi, da baikon godiya, da na kaka, da na gini, da na aikin bishara, da na taimakon mabukata. Sa'ad da za a yi Alfarwa ta sujada, Isra'ilawa suka yi ta kawo zinariya, da zare, da fatu, har Musa ya sa aka yi shela a daina, domin kayan sun yi yawa (Fitowa 35 da 36). Gwauruwar da Yesu ya yaba a Markus 12 'yan tsabobi biyu ta saka, amma su ke nan abin da ta mallaka. Ikilisiyoyin Makidoniya suna cikin talauci ƙwarai, duk da haka suka roƙi Bulus ya bar su su taimaki 'yan'uwa na Urushalima (2 Korintiyawa 8).

Tarihin bishara a Arewa ma shaida ne. Baikon masu bi na ƙasashen waje ne ya kawo 'yan mishan na SIM Najeriya a 1893, ya taimaka aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ya kuma riƙe aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato. Amma iyayenmu ba su zauna jiran na waje ba. A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa, wadda aka sani yau da EMS, shekara shida kafin a kafa ECWA a 1954. Manoma da mata masu ƙananan sana'o'i ne suka ɗauki nauyinta da kwabo da sisi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

BAMBANCIN A TAƘAICE

1. Zakka tana da ma'auni, baiko ba shi da iyaka.
2. Zakka mayarwa ce ta abin da yake na Ubangiji, baiko kyauta ce daga kashi tara da ya rage a hannunmu.
3. Zakka tana shiga ma'ajin ikilisiya don hidimar kullum, baiko kuwa mai bayarwa yana iya faɗin aikin da yake so a yi da shi.
4. Zakka tana gwada amincinmu, baiko yana nuna ƙaunarmu.

GARGAƊI UKU

Na ɗaya, ba a sayen ceto ko albarka da kuɗi. Almasihu ya riga ya biya. Duk mai koyar da cewa ka saka dubu ka kwashi dubu goma ya mai da gidan Allah kasuwa. Malakai sura 3 kira ne ga tuba da aminci.

Na biyu, Yesu ya tsauta wa Farisiyawa domin suna fid da ushirin ganyen miya amma sun yar da gaskiya, da jinƙai, da aminci (Matiyu 23). Wanda ya danne kuɗin ɗan ƙwadagon da ya yi masa noma, ya gyara wannan tukuna.

Na uku naku ne, dattawa da ma'aji. Bulus bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya tafi da mutanen da ikilisiyoyi suka zaɓa don kada a sami abin zargi. Mutum biyu ko uku su ƙirga kuɗi, a rubuta a littafi, a karanta rahoto a gaban jama'a. Kada a karkatar da baikon gini ko na gwauraye zuwa wani aiki ba da sanin masu bayarwa ba.

KAMMALAWA

Mun san halin da ake ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kaya suka yi tsada, taki ya gagari talaka, rashin tsaro kuma ya raba wasu da gonakinsu. Wanda bai girbe kome ba, Allah bai bi shi bashi ba. Ikilisiya ce ma ya kamata ta neme shi da mudun hatsi. Amma wanda ya girbe, ko kaɗan ne, ya fid da na Ubangiji kafin ya rufe rumbu, ya kuma keɓe baikonsa tun daga gida a ranar farko ta mako, kamar yadda aka umarci Korintiyawa.

Iyayenmu sun bar mana majami'a da bagade. Waɗanda za su yi bikin shekara ɗari za su tarar da abin da muka ajiye musu. Ubangiji ya same mu da aminci cikin zakka, da yalwar zuciya cikin baiko. Amin.