Kuɗin Haya da Kuɗin Zama: Zaɓen Unguwa a Zariya Daga Mahangar Tudun Wada

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan matsalar muhalli, Tudun Wada, Zariya



Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan yadda mai neman gidan haya zai zaɓi unguwar da ta dace da aljihunsa da kuma irin rayuwarsa. Zan taƙaita ga Zariya, in tsaya a Tudun Wada in hango sauran unguwanni, domin kusan duk matsalar da ɗan haya kan ci karo da ita a garin nan akwai samfurinta tsakanin Agoro da gadar Kubanni. Abu guda nake so in kafa. Kuɗin da ake miƙa wa mai gida wani yanki ne kawai na abin da zama a unguwa ke ci, sau da yawa ma ba shi ne yanki mafi tsoka ba. Duk wanda ya dubi kuɗin haya kaɗai ya yanke shawara, ciniki ya yi a duhu.

Zamanin da ake zaɓar wa mutum

A farkon mulkin Turawa, hukuma ce ke nuna wa baƙo inda zai sauke kayansa. Birni na Zagezagi ne, gidajen gado a cikin ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta tashi a gefen tasha, aka ware ta ga ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu. Tudun Wada kuwa aka tanadar wa 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin Birni ba ne. Turawa suka keɓe kansu a GRA, mishan ta koma Wusasa.

Daga baya makarantu suka sake zana garin. Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, Kwalejin Barewa ta ƙauro Zariya a 1949, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a Samaru a 1962 da reshenta na Kongo a maƙwabtanmu, Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta zauna a Palladan. A 2005 Asibitin Koyarwa ya tashi daga nan Tudun Wada ya koma Shika, ya ja ma'aikata da 'yan jinya da masu kemis zuwa can. Abin da wannan tarihi ya bar mana shi ne gari mai tsawo, wanda ba shi da tsakiya ɗaya. Daga Ƙofar Doka zuwa Samaru ya haura kilomita 10, Shika kuma tana gaba. Saboda haka a Zariya tambayar farko ita ce: ina ƙafarka ke zuwa kowace safiya?

Lissafin da ba a yi

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu. Bari in kawo misali, alƙaluman na ƙaddarawa ne, kowa ya cire su ya sa nasa. Malami ne ke aiki a Kongo. Dillali ya nuna masa ciki da falo a Tudun Wada a kan ₦250,000 a shekara, ya kuma nuna masa wani irinsa a bayan gari a kan ₦170,000. Ido zai ce an sami rangwamen ₦80,000. To a ce nisan ya ƙara masa ₦600 a kullum tsakanin acaɓa da Keke Napep, zuwa da dawowa. Kwana 22 a wata, wata 12, ya kama ₦158,400. Ba a sa na kai yara makaranta ba, ba a sa na maiɗakinsa in za ta kasuwa ko awo ba. Gidan da aka ɗauka mai sauƙi shi ne mai tsada, sai dai tsadarsa a ɗigo take zuwa, shi ya sa ba a jin zafinta sai ƙarshen wata.

Ruwa ma haka. Zariya tana da kogin Galma, tana da kogin Kubanni, an kuma kashe maƙudan kuɗi a aikin ruwan garin, amma har yanzu kurar 'yan ga-ruwa ce famfon gidaje da yawa. Gidan da ke da rijiyar da ba ta ƙafewa a watan Afrilu, ko wanda ke kusa da burtsatse mai aiki, ya cancanci a ƙara masa kuɗi. Iyalin da ke sayen jarka huɗu a kullum, ko da a ₦100 aka ƙaddara kowace, sun zubar da ₦146,000 a shekara.

Sai wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin layukan da ake kira Band A zuwa ₦225 a kan kowane ma'auni, da alkawarin sa'o'i 20 na wuta a rana. Ga tela ko mai sayar da ƙanƙara, wannan layi riba ne. Ga mai ƙwan fitila uku da fanka ɗaya, ƙarin nauyi ne. Ɗan haya ya tambayi layin da unguwar take, ya tambaya ko gidan na da mitar kati ko kuwa takardar ƙiyasi ake kawowa, sannan ya nemi ganin takardar ƙarshe. Bashin wutar da wanda ya tashi ya bari yana daga cikin abubuwan da suka fi haɗa sabon ɗan haya da mai gida faɗa.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan ambata a Amurka da Turai, cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Ƙa'ida ce mai kyau, amma an gina ta ne a inda ake biyan haya wata-wata. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 ₦70,000 ne. Kashi 30 nasa ₦21,000 ne a wata, wato ₦252,000 a shekara. Mu a nan dunƙule ake so, na shekara guda, wani mai gidan ma ya ce sai na biyu. Ma'ana ma'aikaci ya ajiye albashin fiye da wata uku da rabi cur, bai ci ba bai sha ba, kafin a ba shi makulli, ga la'adar dillali a kai. Wannan ne ke tura mutane adashi da rance, shi ne kuma ke sa su karɓi gidan da suka san bai yi musu ba, don shi kaɗai kuɗin hannunsu ya kai.

Kowa da irin zamansa

Tudun Wada tana da abin da kuɗi ba sa saye a sababbin unguwanni: komai na kusa. Kasuwa, masallaci, Islamiyya, kemis, tashar mota, duk ƙafa na kaiwa. Matar da ke soya ƙosai, ko kitso, ko mai injin markaɗe, cunkoson da wani ke kuka da shi shi ne jarinta. Ka ɗauke ta ka kai ta sabon layi inda gidaje ke da dogayen katangu kowa ya kulle ƙofa, ka kashe mata sana'a. Amma farashin wannan kusanci a bayyane yake: lunguna masu ƙunci da mota ba ta shiga, kwatami a buɗe, ƙarar janareto, da tsofaffin gidajen da aka yanyanka ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, makewayi ɗaya.

A kan gidan haɗaka nake so in ɗan daɗe, domin maza ne ke kama haya, mata ne ke zaman gidan. Maigida ya fita da hantsi sai bayan isha. Ita ce za ta yi layin makewayi, ita za ta raba igiyar shanya da mata biyar, ita za ta shiga tsakani in yara sun yi faɗa. Iyalin da ke tsare kulle kuwa, in aka haɗa su gida ɗaya da samari masu baƙi dare da rana, an ɗora wa matar ɗaurin da ba a yi shawara da ita ba. Ban ga dalilin da zai sa namiji ya biya kuɗin shekara a gidan da matarsa ba ta taka ta gani ba. Ita za ta lura da inda ruwan wanke-wanke ke bi, da ko hayaƙin murhun maƙwabciya ɗakinta yake shiga, abubuwan da shi ba za su taɓa faɗo masa ba.

Ɗalibi lissafinsa daban. Na Samaru ya nemi Samaru ko Hayin Dogo, na Kongo ya nemi Gyallesu ko Tudun Wada. Sai dai unguwar ɗalibai da kalandar makaranta take numfashi. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai da yawa sun biya hayar ɗakin da ba su kwana a ciki ba, masu shaguna kuma suka zauna suna korar ƙuda. Mai niyyar buɗe sana'a a irin wannan wuri ya sa wannan a lissafi.

Akwai kuma waɗanda kuɗinsu ba ya isar musu. Tuzuru yakan sha tambaya, amma mace mai aiki wadda ba ta da aure, ko bazawara da 'ya'yanta, ta fi shan wuya. Ma'aikaciyar jinya ce ko malama, da albashinta, sai a ce mata ba a ba mace haya sai ta kawo namiji. Na san masu gida na da hujjarsu ta tsaron mutuncin gida, amma mutunci hali ne, ana kuma iya bincikarsa ta wurin aikinta da danginta kamar yadda ake binciken kowa. Sakamakon wannan ɗabi'a shi ne a tura ta unguwa mai nisa da tsada, ta riƙa dawowa daga aikin dare a kan acaɓa.

Ba zan tsallake batun da ake faɗa ƙasa-ƙasa ba. Rikicin da ya faro a Kafanchan a 1987 ya iso Zariya, haka na bayan zaɓen 2011. Tun daga nan mutane da dama, Musulmi da Kirista, ke sa addinin maƙwabta a ma'aunin zaɓen unguwa, har wani ya biya ƙari don ya zauna cikin nasa. Ba na zargin wanda ya taɓa gudu da iyalinsa cikin dare. Sai dai kowace ƙaura irin wannan tana rage mana mutanen da suka san juna ido da ido, garin kuma yana komawa kan rabon da Turawa suka yi masa, wannan karon da hannunmu.

Kafin a biya

Gida sau uku ake ganinsa. A gan shi da rana, a koma da dare a ji ƙarar unguwa a ga masu zama a bakin layi, in da hali kuma a gan shi bayan ruwan sama. Watan Agusta ba ya rufa wa gida asiri, musamman a gangaren da ke kallon Kubanni. Wanda ya zo da rani ya dubi gindin bango, tabon da ruwa ya bari yana nan ko an shafe shi da sabon fenti. Sannan a yi tambaya a inda amsa ba ta da la'ada: mai shayin bakin layi, ladanin masallaci, in an dace da wanda ya tashi daga gidan. Dillali ba maƙiyi ba ne, shi ya san inda ɗaki ya faɗi, amma cinsa yana ga a kama, ba ya ga a ji daɗin zama.

In an daidaita, a rubuta. Yawancin hayar da ake yi a unguwanninmu da baki ake ƙulla ta, da “ai mun zama ɗaya”, sai ranar da rufi ya fara yoyo a rasa wanda gyara ke kansa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka neman takarda ba rashin yarda ba ne. Takardar ta faɗi kuɗi, da ranar farawa da ƙarewa, da mai gyaran rufi da masai, da yadda za a raba kuɗin wuta, da wa'adin sanarwa kafin ƙari ko tashi. Ƙa'idar da dokokin haya suka fi bi a Nijeriya, in babu wata yarjejeniya, ita ce sanarwar wata shida ga mai biyan shekara, wata ɗaya ga mai biyan wata. Ɗan haya da yawa bai san da wannan ba, mai gida da yawa ma haka. A karɓi rasiɗi, a kuma tabbatar wanda aka ba kuɗin shi ke da iko da gidan, domin gidan gado mai magada goma yakan sami masu karɓar haya fiye da ɗaya.

Kira

Ga iyayenmu masu gidaje, ina roƙon a duba yiwuwar karɓar haya wata uku-uku, ko wata-wata ga mai albashi da ya kawo wanda zai tsaya masa. Ɗan hayan da bai ci bashi ya shigo ba shi ya fi saurin biya a zagaye na gaba. Ga masu unguwanni, ku ne kuka san gidaje da masu su. Ku riƙe sunayen dillalan da ke aiki a yankunanku, ku sa a tsayar da la'ada sananniya, ku kuma yarda ku zama shaidu a takardun haya. Ga ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari, tare da lauyoyin da ke cikin wannan zaure, muna neman takardar yarjejeniyar haya mai shafi ɗaya, da Hausa, da boko da ajami, wadda kowa zai iya samu a ƙofar mai unguwa. Aiki ne na mako guda in an sa kai, ina kuma roƙon shugaban taro ya sa a kafa kwamitin da zai rubuta ta kafin mu watse yau.