Chappal Waddi: Dutsen da ke Bayan Gidanmu



Mun shafe shekaru muna koya wa yara a darasin labarin ƙasa cewa duk faɗin Nijeriya babu dutsen da ya kai Chappal Waddi tsawo, mita 2,419 daga doron teku. Yana kan iyakarmu da Kamaru, cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991. Ana fassara sunansa da dutsen mutuwa, wasu kuma Gangirwal suke ce masa. To, da za a ce duk wanda ya taɓa taka ƙolinsa a zauren nan ya ɗaga hannu, da wuya a ƙirga biyar. Baƙi kuwa daga Legas da Turai suke zuwa, su hau, su koma suna ba da labarinsa.

Hawansa ba na igiya ba ne, na ƙafa ne da haƙuri. Akan nemi izini a ofishin gandun da ke Serti, a haɗa mutum da ma'aikacin daji. Daga nan a haura Mambila, a bi ta Nguroje zuwa Njawai, inda tafiyar ƙasa take farawa. Kwanaki ake yi ana hawa tudu ana gangarawa kwari, ana tsallake ƙoramu, ana kwana cikin sanyin da ɗan birni bai san irinsa ba. Da rani ake tafiya, domin da damina ƙoramun kan cika, hanya ta yi santsi, hazo ya rufe ido.

Waɗannan ƙoramu su ne dalilin maganarmu. Daga duwatsun nan ruwa yake gangarowa Kogin Taraba, ya zarce Binuwai. Ƙunar daji da saran itace suna cinye kurmin da ke riƙe ruwan, mun kuwa ga yadda aka yi wa madobiya. Yaron da bai taɓa ganin mafarin kogi ba, yaya zai yi kishinsa in ya zama kansila ko darakta?

Saboda haka muna roƙon kowane reshe ya turo ɗalibai biyu na sakandare a hutun Disamba, da takalmi mai ƙwari da bargo. In rassan birni sun ɗauki kuɗin mota, mu na gida mun ɗauki abinci da ladan 'yan dako.