Tubalin Magani da Abin da Ya Faru a Kano



Shi ma magani da tubali ake gina shi. Akwai wani tubali mai suna difuloro-anilin: zoben kabon shida, ɗauke da amin da fulorin biyu. Fulorin kan hana jiki saurin rushe magani. Da wannan tubali aka gina Trovan, wanda kamfanin Pfizer ya gwada a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Cikin yara 200, rabi aka ba shi. 11 suka rasu, biyar daga rabin nan. A 1999 Turai ta dakatar da shi don yana lahanta hanta.

Sanƙarau kuwa ya auka wa Zamfara a 2017. Shawarata, ƙungiyarmu ta nemi ƙananan hukumomin Anka, Gummi da Bukkuyum su ɗauki nauyin masu karatun harhaɗa magunguna, mu sami namu masu duba magani kafin a ɗura wa ƙannenmu.