Mai Gadi Ma Sai An Duba Shi



Kun tuna Litinin, 4 ga Oktoba 2021? Bayan la'asar WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke ɗif, kusan awa shida. Mu nan Bichi da Ɗambatta kaka ce, mai jiran farashin gero daga Dawanau sai zuba wa waya ido. Wasu suka yi ta zagin kamfanin layi, wasu suka ƙara sayen data, alhali matsalar daga Facebook take.

Injiniyoyinsu ne suna cikin gyara suka ba da wani umarni, ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsu na ajiyar bayanai. Akwai fa manhajar da aikinta ke nan, ta tantance umarni, ta tare na kuskure. To ita ma ashe da ɓaraka a jikinta, sai ta bar shi ya wuce. Sai da aka tura ma'aikata cikin cibiyoyin da ƙafarsu.

Irin wannan ɓaraka da faci ake toshe ta, kamar tayar babur: ɗan gyara ne ake liƙawa daidai inda manhaja ta huje. Sabuntawar nan da wayarka ke ta roƙonka kana cewa sai anjima, yawancinta faci ne, wani ma na hana ɓarayi shiga.

Shawarata biyu ce. Ku sabunta wayoyinku in kun samu data. Sannan ku masu riƙe da guruf ɗin manoma, ku rubuta lambobin dillalai da membobi a littafi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.